Daƙiƙa 70 a Duwatsun Margalla: Nazarin Hatsarin Jirgin Airblue 202

A makon da jirgi mai saukar ungulu na rundunar sojin saman Ghana ya faɗi a dajin Adansi Akrofuom, ranar 6 ga Agusta 2025, ya hallaka mutum takwas, ciki har da ministan tsaro Edward Omane Boamah da ministan muhalli Ibrahim Murtala Mohammed, babu majalisar da aka zauna a zangunan Kumasi, daga Aboabo zuwa Asawase, da ba a yi zancen jirgi da dutse da hazo ba. Da rahoton bincike ya fito a watan Nuwamba, aka ji cewa wata iska mai danna jirgi ƙasa ce ta same shi a saman tuddai cikin mummunan yanayi, kuma ba shi da na'urar da ke gargaɗin matuƙi idan ya doshi dutse, sai maganar mutane ta koma wuri ɗaya: da akwai wannan na'ura, da sun tsira. Ina goyon bayan a saka ta a kowane jirgi, ko nawa za ta ci. Amma akwai wani hatsari da ya faru a Pakistan a 2010 wanda ya hana ni tsayawa a nan, domin shi wancan jirgin yana da na'urar, lafiyarta ƙalau, ta yi gargaɗi sau 21, kuma duk da haka mutum 152 suka rasu a jikin dutse.

Ranar Laraba 28 ga Yuli 2010, da ƙarfe 7:41 na safe, jirgin kamfanin Airblue mai lamba 202 ya tashi daga Karaci zuwa Islamabad, tafiyar kimanin awa biyu. Jirgin ƙirar Airbus A321 ne da aka ƙera a shekarar 2000, yana ɗauke da fasinja 146 da ma'aikata 6, kuma masu bincike ba su sami wata matsala a injinsa ko a na'urorinsa ba. Kyaftin ɗin dattijo ne da ya haura shekara 60, ya yi fiye da awa 25,000 a sama, ko da yake kimanin awa 1,000 ne kawai daga ciki ya yi a wannan nau'in jirgi. Mataimakinsa ɗan shekara 34 ne, tsohon matuƙin jirgin yaƙi samfurin F-16 a rundunar sojin saman Pakistan, bai cika awa 2,000 a sama ba, kuma bai kai awa 300 a kan Airbus ba. Lokacin tsakiyar damina ne a can, a daidai kwanakin da aka fara ruwan da ya haddasa babbar ambaliyar 2010, kuma Islamabad ta wayi gari cikin ruwa da gajimare mai saukowa ƙasa-ƙasa.

Wanda ke neman mafarin wannan hatsari ba a kan dutsen zai same shi ba, a sararin Karaci zai same shi. Na'urar naɗar murya ta nuna cewa tun jirgin yana hawa, kyaftin ya fara yi wa mataimakinsa tambayoyin gwaji a kan aiki, cikin kakkausar murya da nuna isa, yana yi yana tsayawa har kusan awa guda. Rahoton Hukumar Kula da Zirga-zirgar Jiragen Sama ta Pakistan ya bayyana cewa bayan wannan cin fuska mataimakin ya yi sanyi, ya rage magana, ya daina amincewa da kansa, kuma daga nan bai ƙara tsayawa ya ja da maigidansa a kan kowane kuskure ba. Ya kamata a lura da irin mutumin da aka yi wa haka. Wanda ya tuƙa jirgin yaƙi ba matsoraci ba ne, ba kuma baƙon yanke shawara cikin ƙiftawar ido ba ne. Awa ɗaya ta wulaƙanci a cikin ɗan ƙaramin ɗaki, daga bakin wanda ya kusa haihuwarsa, ita ta mayar da shi ɗan rakiya.

Sai an fahimci yadda filin saukar yake kafin a gane sauran. A wancan lokaci jiragen fasinja na Islamabad suna sauka ne a filin Benazir Bhutto da ke Rawalpindi, mai titin sauka guda ɗaya da baki biyu. Idan jirgi ya shigo yana fuskantar arewa maso yamma, ana kiran bakin titin 30, idan kuma ya shigo daga ɗaya ɓangaren yana fuskantar kudu maso gabas, ana kiran sa 12. Bakin 30 ne ke da na'urar rediyo da ke jagorantar jirgi har ƙasa ko matuƙi ba ya ganin komai. Amma jirgi yana sauka ne yana fuskantar iska, kuma iskar wannan safiya ta sa dole a sauka ta bakin 12. Hanyar da aka tsara ita ce matuƙi ya bi jagorar bakin 30 har ya fito daga cikin gajimare ya ga titin da idonsa, sannan ya karkata dama, ya bi gefen titin yana kallon sa ta tagarsa ta hagu, ya wuce ƙarshensa kaɗan, ya juyo hagu ya sauka. Sharuɗɗan wannan kewaye ba su da sassauci: ba a sauka ƙasa da ƙafa 2,510 daga matakin teku, ba a nisa da filin, kuma da zarar titin ya ɓace wa ido, an fasa sauka ke nan, sai a ƙara wuta a hau sama. Dalilin tsananin a fili yake, domin a arewacin filin, bayan birnin Islamabad, duwatsun Margalla suke a jere.

Adalci ya sa a faɗi cewa kyaftin ya hango wahalar tun da wuri. Ya nemi a bar shi ya kewaya ta ɗaya gefen titin, wanda ba ya kallon duwatsu, ya kuma maimaita roƙon, masu kula da zirga-zirga suka ƙi saboda tsarin filin bai yarda da hakan ba. A nan yana da zaɓi biyu masu tsabta, ko ya bi tsarin kamar yadda yake, ko ya karkata zuwa wani filin, kamar yadda wani jirgin kamfanin China Southern ya yi a wannan safiya ya juya. Sai ya ƙirƙiro na uku. Ya sa mataimakinsa ya shigar da wasu wuraren juyawa cikin kwamfutar jirgin, waɗanda babu su a kowace taswirar da hukuma ta amince da ita, da nufin kwamfuta ta yi masa kewayen da doka ta ce da ido ake yin sa. Waɗannan wurare sun faɗa can waje da da'irar da aka tabbatar babu dutse a cikinta. Mataimakin ya shigar da su bai ce uffan ba.

Ana cikin haka suka ji a rediyo cewa jirgin kamfanin PIA, abokin gasarsu, ya samu sauka a yunƙuri na uku. Masu bincike sun ɗauki wannan a matsayin abin da wataƙila ya ƙara wa kyaftin matsin lamba, kuma duk wanda ya san zuciyar ƙwararren da ya tsufa a sana'a zai gane dalili. Wani ya shiga, shi kuma mai awa 25,000 a ce ya juya?

Da suka fito daga gajimare suka karkata dama, kyaftin ya saukar da jirgin zuwa ƙafa 2,300, ƙasa da iyakar da aka gindaya. Filin kansa yana kan tudu mai kusan ƙafa 1,700, wato tazarar da ke tsakaninsu da ƙasa ba ta wuce ƙafa ɗari shida da 'yan kai ba tun kafin a zo maganar duwatsu. Jami'in hasumiyar filin, mai ba jirage umarnin sauka, ya ba da shawarar su yi ɗan gajeren kewaye kusa da filin, irin wanda ake yi cikin mummunan yanayi. Abin da na'urar murya ta naɗa daga bakin kyaftin, yana gaya wa mataimakinsa, ma'anarsa ita ce a bar shi ya faɗi abin da ya ga dama. Jirgin ya ci gaba da nausawa arewa, titin ya ɓace musu, ba su fasa sauka ba, ba su kuma gaya wa hasumiya cewa kwamfuta ce ke jan su a kan wata hanya ta daban ba. Da suka kusanci yankin da aka haramta wa jirage shawagi a saman birnin, hasumiya ta umarce su su juya hagu.

Saura kimanin daƙiƙa 70 jirgin ya daki dutse, na'urar gargaɗi ta fara magana. Ita wannan na'ura tana ɗauke da taswirar tuddai da duwatsun duniya, tana haɗa ta da inda tauraron ɗan'adam ya nuna jirgin yake, da saurinsa da inda ya dosa, sai ta yi magana da muryar mutum cewa akwai dutse a gaba, idan abin ya matso ta ce a ja sama. An fara tilasta amfani da magabaciyarta a Amurka bayan jirgin TWA 514 ya daki wani dutse a jihar Bajiniya a Disamban 1974 ya kashe mutum 92, kuma wadda aka inganta ta shigo a tsakiyar shekarun 1990. Abin da ake koya wa kowane matuƙin Airbus idan ya ji ta cikin gajimare bai da tsawo: ya kashe na'urar tuƙi da kai, ya tura wutar injin har ƙarshe, ya ja sandar tuƙi baya har ƙarshe ya riƙe. An ƙera jirgin yadda kwamfuta ba za ta bari hancinsa ya ɗagu fiye da abin da fukafukai za su iya ɗauka ba, don haka matuƙi ba shi da fargabar ya ja da yawa. Daƙiƙa 70 lokaci ne mai yawa ga jirgin da ke da lafiyayyun injuna biyu.

Mataimakin ya yi magana. Wannan yana da muhimmanci, domin masu ba da labarin a gurguje sukan ce shiru ya yi. Ya ce wa kyaftin akwai duwatsu a gaba, ya juya hagu, kuma kusan kowace jimla tasa tana tafe da kalmar girmamawa, irin yadda mu za mu ce ranka ya daɗe. Da hasumiya ta tambaye su ko suna ganin filin, bai amsa da abin da idonsa ya nuna masa ba, sai ya juya ya tambayi maigidansa me zai ce. Amsar da ta fita daga jirgin daga baya ita ce suna ganin ƙasa, wanda ba shi aka tambaya ba.

Shi kuwa kyaftin ya yi niyyar juyawa hagu, amma ta hanyar na'urar tuƙi da kai, kuma a nan wani ɗan ƙaramin abu ya shiga tsakani. A gaban matuƙan Airbus akwai wani maɓalli da ake murɗawa don zaɓar alƙiblar jirgi, kuma ƙa'idarsa ita ce idan ka tura shi ka miƙa wa kwamfuta ragama ta bi hanyar da aka shigar mata, idan ka ja shi ka karɓi ragamar jirgin ya bi lambar da ka zaɓa. Murɗawa kawai ba ta juya jirgi. Kyaftin ya yi ta murɗa shi hagu bai ja ba, jirgin kuwa yana nan a kan hanyar da shi da kansa ya sa aka shigar. Da ya ga bai juya ba sai ya ƙara murɗawa, lambobin suna ta zagayawa, har suka wuce yamma, suka wuce kudu, suka tsaya a 086, wato kusan gabas sak. Sai a lokacin, saura kimanin daƙiƙa 40, ya ja maɓallin. Jirgin da ke fuskantar arewa maso yamma, idan aka ce masa ya fuskanci gabas, ta dama ya fi masa kusa, kuma ta dama ya juya, wato cikin duwatsun. An ji kyaftin yana tambayar me ya sa jirgin ba ya juyawa hagu.

Abin da ya biyo baya ruɗewa ce tsantsa. An ƙara wutar injin na 'yan daƙiƙoƙi aka sake rage ta. Kyaftin ya kashe na'urar tuƙi da kai ya karɓa da hannu, jirgin ya ɗan hau ya wuce ƙafa 3,000, sannan ya kwantar da shi hagu har digiri 52, hancin ya sunkuya, suka fara gangarowa da sauri. Mataimakin yana ta roƙo a ja sama. Maganarsa ta ƙarshe ita ce yana sanar da maigidansa cewa ƙasa suke yi, kuma bai ƙarasa ta ba. Da ƙarfe 9:41 jirgin ya daki dutsen a tsayin ƙafa 2,858, fiye da kilomita 15 daga filin. Babu wanda ya tsira.

A gefen damansa, a ƙarƙashin hannunsa, mataimakin yana da tasa sandar tuƙin, kuma a kanta akwai jan maɓalli wanda idan ya danna ya riƙe, ikon jirgin ya dawo wurinsa, sandar kyaftin ta daina aiki. Dokar aiki ta ba shi wannan dama, ta ma wajabta masa ita idan rai yana cikin haɗari. Bai taɓa shi ba. Na daɗe ina juya wannan a raina, kuma ban iya ɗora masa laifin da wasu ke ɗora masa ba, domin na san tarbiyyar da ke riƙe hannun mutum a irin wannan wuri, ita ce aka yi mana. An koya mana yaro ba ya haɗa ido da babba, ba ya katse shi, ba ya gyara masa magana a gaban mutane, kuma abin da babba ya hango yana zaune, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Tarbiyya ce mai kyau, ita ta riƙe gidajenmu a zango. Amma a wannan safiya yaron ne ya hango, babban bai hango ba.

Na taɓa ganin ƙaramin misalin haka da idona. Wani dare muna dawowa daga Akra a motar haya, da muka iso wajen Nkawkaw, inda tuddan Kwahu ke sauko da hazo kan hanya, yaron motar ya leƙa ya ce a hankali, “Maigida, gaban nan ba ya ganuwa, a ɗan rage.” Direban ya daka masa tsawa a gaban fasinja, ya tambaye shi shekara nawa ya yi yana tuƙi da zai koya masa hanya. Yaron ya koma ya jingina da ƙofa. Can gaba akwai wata babbar mota da ta lalace a gefen titi, an jera ganye a bayanta maimakon fitila, kuma na ga lokacin da yaron ya hango ta, na ga bakinsa ya buɗe ya sake rufewa. Wata tsohuwa a kujerar gaba ce ta yi salati da ƙarfi, direban ya kauce da ƙyar. Tsawar farko ce ta rufe bakin yaron a karo na biyu.

Masu harkar jiragen sama sun gano wannan ciwo tun bayan karon da jirage biyu suka yi a tsibirin Tenerife na ƙasar Sifaniya a 1977, inda mutum 583 suka mutu, kuma tun farkon shekarun 1980 kamfanoni suka fara horar da matuƙa a kan yadda za su yi aiki tare: babba ya buɗe ƙofar a gyara masa, ƙarami ya faɗi abin da ya gani ƙarara, ya maimaita da ƙarfi idan ba a ji ba, sannan ya karɓi tuƙi idan babu sauran lokaci. Wasu na ganin wannan baƙuwar ɗabi'a ce da ba ta dace da mu ba. Ni ban yarda ba, domin muna da ita a masallaci sau biyar a rana. Idan liman ya yi mantuwa, mamu yana yi masa tasbihi, ko da almajirinsa ne, ko da jikansa ne, kuma babu wanda ke kiran hakan rashin kunya. A fiƙihun Malikiyya da muka tashi a kai an ma wuce nan: idan liman ya miƙe zuwa raka'a ta biyar, wanda ya tabbata ƙari ne ba ya bin sa, zama yake yi yana tasbihi. Wato akwai matakin faɗa, akwai kuma matakin ƙin bi. Mataimakin jirgin 202 ya yi tasbihin, ya yi ta yi, amma ya miƙe tare da liman. Limamin kirki kuma, kowa ya sani, ba ya hantarar sahun farko kafin a tayar da salla, domin ya san a cikinsu mai tuna masa yake.

Saboda haka a nawa hukuncin, nauyin mafi girma yana kan kyaftin, kuma mafi munin kurakuransa ba maɓallin da ya manta bai ja ba ne. Mantuwa irin wannan tana samun kowa idan hankali ya tashi, shi ya sa ake zaunar da mutum biyu a gaban jirgi. Shi da kansa ya rushe wannan kariya awa ɗaya da rabi kafin ya buƙace ta. Bayansa akwai kamfanin, wanda alhakinsa ne ya san yadda manyan matuƙansa ke mu'amala da ƙanana, ya kuma tabbatar horon aiki tare ya wuce takardar shaida. Akwai kuma masu kula da zirga-zirga, waɗanda suka ga jirgi ya fita daga da'irar kewaye ya doshi duwatsu, kuma abin da ya fito daga gare su tambaya ce da umarnin juyawa, alhali halin yana neman a ce masa ya hau sama nan take.

Wurin da jirgin ya faɗi babu hanyar mota. Masu ceto sun hau da ƙafa cikin ruwa da santsi da ƙurmin daji, jirage masu saukar ungulu suna kwaso abin da aka samu, hayaƙin kuma ana hango shi daga cikin birnin. Cikin mamatan akwai matasa shida 'yan Majalisar Matasan Pakistan da ke kan hanyar zuwa zamansu a Islamabad. Gwamnati ta ayyana washegari ranar makoki. Ranar 31 ga Yuli aka gano akwatunan naɗar bayanai, aka kai su Faransa aka karanta. Gawawwaki da dama sai da gwajin ƙwayoyin halitta aka gane masu su, waɗanda ba a iya tantancewa ba kuma aka yi musu jana'iza tare aka binne su a Islamabad. Har yau shi ne hatsarin jirgin sama mafi muni da ya auku a cikin ƙasar Pakistan, kuma shi ne na farko da ya ci rai a tarihin A321.

Rahoton hukuma ya fito a ƙarshen 2011, ya ɗora mafi yawan laifin a kan matuƙan. Iyalan mamatan ba su gamsu ba, domin hukumar da ta yi binciken ita ce kuma ke da alhakin hasumiya da masu aiki a cikinta, kuma a farkon 2012 Babbar Kotun Peshawar ta ba da umarnin a sake bincike. A watan Mayun 2018 aka buɗe sabon filin jirgin saman Islamabad a can yamma da birnin, jiragen fasinja suka koma can, tsohon filin na Rawalpindi ya zauna a hannun rundunar sojin sama.